Kafin ku sayi waƙa a intanet

Jama'a, kada gasar rage farashi tsakanin shagunan waƙoƙi ta ruɗe ku. Ku fara duba irin fayil ɗin da za a ba ku. Amazon ya fara sayar da MP3 marar kulle (wato wanda ba a hana kwafarsa zuwa wata na'ura ba) a 2007, daga baya iTunes ma ya cire kullensa a 2009. Bandcamp kuwa har FLAC yake bayarwa, wato fayil ɗin da ba a rage ingancinsa ba, sauti garau.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya biya kuɗinsa ya bar waƙar a shagon. Ai Google Play Music ya rufe a 2020. Don Allah da zarar kun saya ku sauke nan take, ku ajiye kwafi biyu a na'urori daban-daban.