Yadda babba zai nemi gwajin otizim a Jos, da haƙƙinsa a doka

Kada ka je asibiti kai kaɗai, nan ne yawancin mutane ke yin asarar kuɗin mota. Otizim yanayi ne na ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da sadarwa da mutane, kuma ba a gano shi da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Tambayoyi likita zai yi, kuma ƙa'idarsu ita ce sai alamun sun faro tun ƙuruciya. To wa ke tuna halinsa yana ɗan shekara 3?

Ka tafi da mahaifiyarka ko yayar da ta goya ka. Ita ta san ko ka yi jinkirin magana, ko kana toshe kunne in an tayar da injin markaɗe, ko kana jera murafan kwalba ka fasa kuka in an taɓa maka ɗaya. Amma ku zauna a gida tukuna, ka yi ta tambayarta kana rubutawa, domin a gaban likita iyayenmu kan ce "ai lafiyarsa ƙalau" don kara. In babu su, katin sakamakon firamare ma yana taimakawa, musamman wurin da malami ke rubuta halin ɗalibi. Kai ma rubuta naka na yanzu: yadda zaman biki ke gajiyar da kai, yadda canjin tsari ke dagula maka lissafi. Mata su fi dagewa a nan, don sun saba ɓoye abin.

A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ka yanki kati, ka ga likitan farko, ka roƙi ya tura ka sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Asibitin kuɗi ya fi sauri, aljihu ne zai ji a jikinsa. Gwajin intanet kuwa ba hujja ba ne.

In an tabbatar, kada ka fito ba rahoto a rubuce. Da shi za ka nemi takardar shaida daga hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa da ke Abuja. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya nuna maka wariya, kamfani kuma naira miliyan 1, ta kuma ware wa masu buƙata ta musamman kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Dokar lafiya ta 2014 ta sa bayanin lafiyarka ya zama sirri, don haka asibiti ba zai miƙa wa maigidanka na ofis ba sai da yardarka ko umarnin kotu.