Burodin gaggawa marar yis: inda ake yin kuskure da yadda za a gyara

A Amurka akwai wani burodi da ake kwaɓawa da kwalbar giya guda, a saka a oben nan take ba tare da jiran ya tashi ba. Kuskuren farko game da shi a fahimta yake: ana ɗauka giyar ce ke tayar da shi. Yawancin giyar kamfani an tace ta an kuma dafa ta, babu sauran yis mai rai a cikinta. Bekin fauda ne ke yin aikin, ruwan kuwa ɗanɗano da launi yake bayarwa, sai ɗan kumfa da ke taimakawa. Saboda haka uwargida ba ki rasa komai ba idan kika bar giya. Kada kuma a ruɗe ki da cewa wuta tana ƙone barasar duka: jadawalin Ma'aikatar Noma ta Amurka ya nuna abincin da aka gauraya da barasa aka gasa na awa guda yana riƙe kusan kashi 25 cikin 100 nata. Ko wadda ake rubuta wa "marar barasa" a Amurka, doka ta yarda ta ƙunshi abin da bai kai kashi 0.5 cikin 100 ba.

Ma'aunin da za mu dogara da shi: fulawa giram 375 (kofi 3), bekin fauda cokalin cin abinci 1, gishiri cokalin shayi 1, sukari cokalin cin abinci 2, ruwan kwaɓi mililita 330 zuwa 350, narkakkiyar bota giram 50. Gwangwanin gashi mai tsawon santimita 23 da faɗin 13, zafi digiri 190, minti 45 zuwa 55.

Zaɓen ruwan kwaɓi

A nan aka fi ɓata burodin, domin kowane ruwa da gyaran da yake nema.

Ruwan soda marar zaƙi shi ne mafi sauƙin sha'ani. Yana ba da burodi fari mara nauyi, sai dai ba shi da ɗanɗanon kansa, don haka kada ki rage gishiri ko bota. Ki duba kwalbar da kyau, tonik ba soda ba ne, yana da sukari da ɗacin kwinin da ke fitowa sosai bayan gashi.

Lemon malt irin su Maltina ko Amstel Malta shi ya fi kusa da ƙamshin sha'ir da ake nema, kuma kwalba guda ta santilita 33 ta yi daidai da ma'aunin. Matsalarsa zaƙi. Mai zuba malt sannan ta ƙara sukarin da ke cikin ma'auni za ta ga sama ya yi baƙi tun minti 30, ciki kuwa ɗanye caɓa-caɓa. Ki cire sukarin gaba ɗaya, ki sauke zafi zuwa digiri 175, ki ƙara kamar minti 10, in sama ya fara duhu ki rufe da takardar foyil. A ganinmu rabin malt rabin ruwan soda ya fi daɗi, musamman in da miya ko ƙwai za a ci burodin.

Kindirmo ko nono mai tsami kuwa hanyar mutanen Ireland ce, waɗanda tun ƙarni na 19 suke yin burodinsu da madara mai tsami da bekin soda. Tsamin yana buƙatar bekin soda ta kashe shi: kindirmo mililita 250, ruwa 100, bekin soda rabin cokalin shayi, bekin fauda cokalin shayi 2. Wannan burodin ya fi sauran laushi, ya kuma fi jure kwana.

Bekin fauda da bekin soda ba abu ɗaya ba ne

Fauda tana ɗauke da tsaminta a ciki, soda kuwa sai ta haɗu da abu mai tsami take aiki, kuma ta ninka fauda ƙarfi sau uku zuwa huɗu. In kika zuba cikakken cokalin soda a madadin fauda, burodin zai yi duhu ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Faudar da ta daɗe a buɗe, balle da damina, takan mutu. Ki zuba rabin cokalin shayi a ruwan zafi: in bai yi kumfa nan take ba, ki sayi sabuwa. In fulawarki mai tashi da kanta ce, an riga an sa mata fauda, kada ki ƙara.

Awo da juyi

Dumbuza kofi cikin buhu yana danne fulawa, kofin da ya kamata ya ɗauki giram 125 sai ya kai 150 ko fiye, burodi ya fito kamar bulo. Ki tankaɗe, ki cika kofin da cokali, ki share bakinsa da wuƙa. Da hunturu fulawa ta fi shan ruwa, ki ƙara cokali ɗaya ko biyu.

Hannun da ya saba da kwaɓin fanke ko burodin yis yakan so ya buga har ya yi sumul. A nan bugu ɓarna ne, domin yana tayar da danƙon alkama, burodin ya yi tauri da dogayen ramuka a ciki. Ki gauraya busassun kaya sosai tukuna, ki zuba ruwan, ki juya da cokalin katako har farin gari ya ɓace, ki tsaya. Gudaji-gudajin da suka rage wuta za ta gyara su. Kwaɓin ya zama mai kauri mai maƙalewa a cokali, ba mai zuba kamar na kek ba.

Wuta

Ki kunna oben minti 15 kafin ki fara kwaɓi, ki shafe gwangwani, ki buɗe kwalbar a ƙarshe. Kwaɓin da ya zauna jiran wuta iskarsa fita take yi. Botar a zuba ta a saman kwaɓin, ita ke ba da ɓawo mai garas-garas. Kada a buɗe oben kafin minti 30, tsakiya zai faɗa.

Mai gasawa a tukunya da yashi ta bari yashin ya ɗau zafi sosai, ta ɗora gwangwanin a kan wani ƙaramin ƙarfe don kada ƙasa ya ƙone, ta sa 'yan garwashi a kan murfi, in ba haka ba sama zai fito fari fat.

Launin sama ba ya nuna nuna, musamman da malt. Ki soka dogon tsinke har tsakiya, ya fito a bushe. Bayan minti 10 ki juye shi daga gwangwani don kada gumi ya jiƙa ƙasansa, ki bar shi aƙalla minti 30 kafin wuƙa ta taɓa shi, domin cikinsa bai gama kamewa ba, yankan zafi yana mayar da shi kamar tuwo.