Yadda Za Ka Gane Mai Bakin Cokali a Tafkin Sakumono

Farin tsuntsu dai ba ya wuya a Sakumono, tafkin da ke tsakanin Accra da Tema, wanda aka sa a 1992 cikin dausayoyin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya. Wuyar ita ce raba mai bakin cokali, tsuntsun da ƙarshen bakinsa ke da faɗi kamar cokali, da farin zalɓe da balbela, don daga nesa duk fari ne fat. Mai bakin cokali kuwa ba kullum yake zuwa ba, sai da haƙuri.

Je da sassafe, a lokacin rani, sa'ad da ruwa ya ja baya ya bar laka. Riƙe madubin hangen nesa, ka tsaya rana na bayanka. In ta haske maka ido, launin ƙafa da na baki duk za su ɓace maka, kuma su ne shaidarka.

Kada ka fara da neman bakin. Dubi yadda tsuntsun ke kiwo. Zalɓe yakan tsaya cik, ya zuba wa ruwa ido, ya kai sara. Mai bakin cokali tafiya yake yi cikin ruwan da bai kai masa ciki ba, baki a nutse, a ɗan buɗe, yana kaɗa shi dama da hagu kamar mai shara. Da ƙaramin kifi ko jatan lande ko ƙwaron ruwa ya taɓa cikin bakin, sai ya datse, ya ɗaga kai ya haɗiye. Da taɓawa yake farauta, shi ya sa ruwa mai dauɗa ba ya hana shi ci.

Mai bakin cokali na Afirka tsawonsa wajen santimita 90 ne, ƙafafu ja, fuska ja babu gashi, baki ruwan toka. Na Turai ƙafafunsa baƙi, bakinsa baƙi da ɗan rawaya a ƙarshe. Wanda bai gama girma ba yana da baƙi a ƙarshen fikafikai.

Inda aka fi yin kuskure shi ne in yana barci: ƙafa ɗaya a ƙasa, baki cuse cikin gashin baya, babu cokalin da za ka gani. Jira ya motsa. Kada ka matsa kusa ko ka yi jifa don ya tashi, za ka kori garken gaba ɗaya, lakar ma tana iya riƙe ka har gwiwa. In ya tashi don kansa, duba wuya: zalɓe na naɗe nasa, shi kuwa a miƙe yake tafiya da shi.