Yadda za ka duba kulocin Boksa kafin ka fita kabu-kabu

Fara da hannun kuloci, injin a kashe. Ja shi a hankali: ya kamata ya yi wasa kamar milimita 2 zuwa 3 kafin ya kama. In babu wasan, sassauta notin wayar kuloci, don rashinsa ke ƙona farantin kuloci.

Sai wayar. Ƙurar hanyar Gusau zuwa Ƙaura tana daskarar da ita, ɗiga mata mai. In ta fara tsintsinkewa, canza ta yau.

Tada inji, sa giya, murɗa totur. Ƙara ta hau amma babur bai ja ba? Farantai sun cinye. Kai wa makanike, ya tsiyaye baƙin mai, ya jiƙa sababbin farantai a mai kafin ɗaurawa. Man babur za a zuba, na mota yana sa kuloci santsi.