Yadda ake ja wa fankar sama wayarin safes da tirankin

A gidajen Katsina da aka gama shafe ba a binne bututun waya ba, hanya mafi sauƙi ta kai wa fankar sama wuta ita ce tirankin, wato robar nan mai murfi da ake bin bango da ita. Mai faɗin milimita 16 ya wadatar wa fanka ɗaya. Waya kuwa 1.5mm ta tagulla zalla, silli uku: mai wuta, nutural (mai mayar da wuta) da at (wayar kariya mai kai wuta ƙasa). Za a kuma buƙaci makunni, rigileta (mai rage gudun fanka ko ƙara shi) da akwatinsu, fisha (robar da ake cusawa a hujin bango ta riƙe sukuru), sukurori, konekta da testa.

Kafin a taɓa komai, a sauke bireka. Kada a ce ai an ɗauke wuta, bari a yi sauri. KEDCO, kamfanin rarraba wuta, ba ta sallama idan za ta dawo da ita, kuma bolt 230 na kisa. Gidan da ke da sola ko janareta, a kashe inbata, a mayar da canji-oba tsakiya, sannan a gwada kowace waya da testar da aka tabbatar tana aiki.

Ƙugiya ce gaba da komai, domin ita ke ɗauke da nauyin fanka da girgizarta. Silin na POP ko na roba ba ya riƙe fanka ko kaɗan. A hau sama a gicciya katako mai kauri tsakanin katakan rufi biyu, a huda shi, a zura ƙugiya mai noti a ɗaure tamau. Idan rufin na kankare ne, wato dakin, da ƙusar kankare mai buɗewa ake kafa ta. Tsakanin fukafukai da ƙasa kada ya gaza mita 2.3.

Daga nan a ja layi daga makunni a miƙe zuwa sama, a bi kusurwar silin har saitin ƙugiya. A kafa gindin tirankin da fisha da sukuru duk bayan santimita 30 zuwa 40. Akwai mai gam a baya, amma zafin Afrilu da Mayu yana sakin gam ɗin, a wayi gari tirankin na reto da waya a ciki. Bangon ƙasa da aka shafe da siminti ba ya kama fisha, gara a kafa ɗan turken katako a ɗaure sukuru a jikinsa.

Wajen haɗi ne aka fi yin kuskure. Waya mai wuta, ja ko ruwan ƙasa, ita ce za ta shiga makunni, ta wuce rigileta, ta hau zuwa fanka. Nutural, baƙa ko shuɗiya, ta tafi kai tsaye. Idan aka juya su fanka za ta yi aiki lafiya lau, sai dai ko an kashe makunni akwai wuta a kanta, mai hawa share ƙurar hunturu shi zai ɗanɗana. At, kore da rawaya, a ɗaure ta a jikin ƙarfen fankar. Ba a murɗa waya biyu a naɗe da salatif a cusa cikin tirankin, nan ne zafi ke taruwa har roba ta narke. Duk haɗi a cikin akwati da konekta.

Bayan an rataya, a duba notin sandar fanka da ɗan fil ɗin da ke hana shi kwancewa, sannan a ɗaura fukafukai a rufe tirankin. Idan an kunna tana gurnani ba ta tashi sai an tura ta, kafasita ce ta lalace, wato 'yar na'urar da ke tayar da fanka, yawanci mai lamba 2.5, a sa irin lambar da ke jikin tsohuwar. Idan tana rawa, fiffike ɗaya ya lanƙwashe ko sukurunsa bai ɗauru ba. Idan kuwa bireka na faɗuwa da zarar an kunna, a bar ta a kashe a kira mai wayarin, wataƙila sukuru ya huda waya.