Yadda ake daidaita agogon tashar sadarwa ta TDD kafin a buɗe ta ga jama'a

Abu biyu ake nema daga agogon tashar sadarwa, kuma gyaran ɗaya ba ya gyara ɗayan. Na farko firikwensi, wato saurin bugun osileta, na'urar da ke samar da bugun agogo. Na biyu lokaci, wato daidai sa'ar da tasha ke fara aika kowane firam, wato kowane ƙunshin sigina. Ƙa'idar 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin sadarwar wayar hannu, ta ce babbar tasha kada firikwensinta a iska ya kauce fiye da ppb 50, kashi 50 cikin biliyan ke nan. A kan 900 MHz wannan 45 Hz ne, a kan 3.5 GHz kuwa 175 Hz. Tashoshin FDD, masu aikawa da karɓa a zango daban-daban, galibi wannan ya wadace su.

TDD kuwa zango ɗaya take amfani da shi, tana aikawa ta tsaya ta saurara. Idan agogon tashar da ke maƙwabtaka da kai ya zame, za ta riƙa aikawa da cikakken ƙarfi a daidai lokacin da taka ke sauraron raunanan siginar wayoyin hannu. Shi ya sa aka ɗora iyakar maikirosakan 1.5 tsakanin kowace tasha da agogon asali (maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa). Zangon 3.5 GHz da hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021 domin 5G a Najeriya na TDD ne, don haka wannan iyaka ta zama aikin yau da kullum ga masu kafa tasha a nan.

Fara da kasafta maikirosakan 1.5 ɗin nan, wato nanosakan 1,500, a takarda. Ƙa'idar ITU-T G.8271.1 ta bai wa hanyar sadarwa nanosakan 1,100 tun daga tushen lokaci har ƙofar tasha, sauran 400 na tashar kanta ne. Daga cikin 1,100 ɗin, tushen lokaci ajin PRTC-A yana cin har 100, ajin B kuwa 40. Duk na'urar da sigina zai ratsa, rubuta rabonta. Wanda bai yi wannan lissafi ba, ranar da matsala ta taso ba shi da inda zai fara dubawa.

Tushen da aka fi amfani da shi shi ne risibar GNSS, mai karɓar lokaci daga taurarin ɗan'adam na GPS, Galileo, BeiDou ko GLONASS, tana fitar da bugu ɗaya a kowace daƙiƙa da ake kira 1PPS, sau da yawa tare da 10 MHz. Ɗora eriyarta inda take ganin sararin sama ta kowane ɓangare, nesa da gaban eriyoyin da ke aikawa, kuma ƙasa da sandar kama tsawa. Siginar GPS L1 a 1575.42 MHz tana isowa ƙasa da rauni ƙwarai, ƙarfin tasha kusa da ita na iya toshe amfilifayar da ke cikin eriya. Wannan amfilifaya ta cikin kebul take samun wuta, yawanci bolt 5 ko 3.3, saboda haka na'urar kariyar tsawa da za ka sa a kan layin dole ta kasance mai barin DC ta wuce. Naɗe kowace mahaɗa da tef mai hana ruwa shiga, domin mahaɗar da aka bari a buɗe ita ce ke ta da ƙararrawar katsewar eriya da damina.

Sai tsawon kebul, wanda a nan ne ake yawan zubar da nanosakan a banza. Sigina na ɗaukar kusan nanosakan 4 a kowace mita ta kebul irin LMR-400, kusan 5 a RG-58. Kebul irin LMR-400 mai mita 60 ya jinkirta ka nanosakan 240 ke nan, fiye da ninki biyu na abin da aka yarje wa tushen lokaci gaba ɗaya. Risiba ba ta san tsawon kebul ɗinka ba, kai ne za ka auna shi ka shigar da adadin a saitinta, ka haɗa da jinkirin na'urar raba sigina idan akwai. Bayan haka ka bar risibar ta yi awon matsayinta na tsawon awa 24 kafin ka kulle shi. Da farko tana buƙatar taurarin ɗan'adam huɗu, amma da zarar matsayi ya tabbata, ko ɗaya ya rage tana iya riƙe lokaci. Idan aka matsar da eriya daga baya, a sake awon: kuskuren mita ɗaya a matsayi na iya zama nanosakan 3 a agogo.

Ba a dogara da GNSS ita kaɗai. Akwai na'urorin toshe sigina, akwai kuma rikicewar sararin samaniya bayan faɗuwar rana a ƙasashen da ke kusa da ikwaita, wadda kan sa risiba ta saki wasu taurari. Madogara ta biyu ita ce PTP, ƙa'idar IEEE 1588, mai ɗauko lokaci ta cikin faiba. Ana rubuta lokuta huɗu: babban agogo ya aika saƙo a t1, na tasha ya karɓa a t2, ya mayar da nasa a t3, ya isa a t4. Bambancin agogon biyu shi ne rabin abin da ya rage idan aka ɗebe t4−t3 daga t2−t1.

Wannan lissafi ya ginu ne a kan zaton cewa tafiya da dawowa tsawonsu ɗaya. In ba haka ba, rabin bambancin yana shiga agogo a matsayin kuskure, kuma PTP ba ta da hanyar ganinsa. Haske na ɗaukar kusan nanosakan 5 a kowace mita ta faiba. Idan zaren tafiya ya fi na dawowa da mita 100, watakila bayan an ɗinke layin da aka yanke wajen aikin titi, ka sami kuskuren nanosakan 250 alhali kowace fitila tana nuna kore. Maganinsa awo ne: auna zaren biyu da OTDR, na'urar auna tsawon faiba, ka shigar da gyaran, ko ka yi amfani da zare ɗaya mai ɗaukar tafiya da dawowa. Duk lokacin da aka taɓa faiba, a sake awon.

Idan kowane suwic da rauta a hanyar na goyon bayan PTP, zaɓi tsarin G.8275.1, mai aika saƙon daidaita lokaci na Sync 16 a daƙiƙa, lambar yankinsa ta asali 24. Agogon iyaka, wato wanda ke cikin suwic ko rauta yana karɓar lokaci ya miƙa gaba, ajin B yana ƙara har nanosakan 20 na kuskure mai zama ɗaya, ajin C kuwa 10, ka ninka da yawan irin waɗannan agogo da ke hanyar. G.8275.2 na hanyoyin da wasu na'urorinsu ba su san PTP ba ne, kuma a ganinmu gara a ajiye shi a matsayin mai taimaka wa GNSS, domin cunkoson fakiti yana rikita shi. Hanyar maikirowef ma tana buƙatar lura: idan ruwan sama ya sa rediyon ya sauya salon aikawa, jinkiri yakan sauya, sai dai in rediyon da kansa yana gyara saƙon PTP.

Kunna SyncE a ƙarƙashin PTP. Ita firikwensi kawai take ɗaukowa daga layin Ethernet, amma tana rage zamewar agogo idan saƙon PTP ya yanke. Tabbatar saƙonnin ingancin agogo na ESMC suna tafiya, kuma kada ka haɗa layuka yadda na'ura za ta koma tana bin agogon da ita ce ta ba da shi.

Idan duk tushe ya ɗauke, osiletar cikin tasha ce ke riƙe lokaci. Kuskuren ppb 1 yana tara nanosakan 1 a kowace daƙiƙa, cikin minti 25 ya cinye maikirosakan 1.5. TCXO, osiletar da ke gyara bugunta gwargwadon zafi, ba ta dace da wannan aiki ba. OCXO mai kyau, wadda ake riƙe ta a zafi ɗaya, kan riƙe wasu awanni, osiletar rubidiyom kan kai yini guda ko fiye. Alƙaluman da masu ƙera su ke bayarwa sun dogara da zafi mai zama ɗaya, kuma akwatin da na'urar sanyayarsa ta mutu a watan Afrilu ba zai ba ka su ba. Sa agogo a kan batir domin kada sauyawa zuwa janareto ya kashe shi, don OCXO da ta huce sai ta daɗe a kunne kafin ta sake natsuwa.

Kafin miƙa aiki, kawo na'urar gwaji mai nata GNSS, ka haɗa ta da mafitar 1PPS ta tasha, ka bar ta tana rubuta kuskuren lokaci awa 24 domin zafin rana da sanyin dare su shiga cikin awon. Duba cewa bambancin TAI, lokacin agogon atom, da UTC, lokacin duniya na yau da kullum, yana kan daƙiƙa 37, domin PTP da TAI take aiki. Daga nan cire kebul ɗin eriyar GNSS da gangan, ka ga ko tashar ta koma kan PTP ba tare da tsalle ba, sannan ka yanke PTP ɗin ma ka rubuta tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta ƙetare iyaka. Saita tashar ta daina aikawa kafin wannan lokaci ya cika.