Idan ɗalibi ya tambaye ka ko ɗan ƙunar baƙin wake shahidi ne

Shekaruna da yawa ina karantar da samari a Islamiyyar dare a Kano. Ranar da aka fara yi mini wannan tambaya, kwana kaɗan ne bayan harin babban masallacin Juma'a na 28 ga Nuwamba 2014, wanda ya ci rayuka sama da ɗari. Wani yaro mai shekara sha huɗu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, shi wanda ya tashi bam ɗin ai shi ma ya mutu. Ba shahada ya yi ba?" Na daka masa tsawa, aji ya yi tsit. Tun daga ranar bai sake tambayata komai ba. Kuskure na yi, kuma abin da zan faɗa a nan daga wannan kuskuren na koye shi.

Da farko dai kada ka yi tsawa. Ce masa ya zauna, ka tambaye shi inda ya ji maganar. Yawanci daga waya ne, ko majalisar bakin layi.

Kada kuma ka fara da hukunci. Fara da labari biyu a jere, domin yaro ya fi riƙe labari. Na farko na wani mutum ne da ya yi yaƙi tare da Manzon Allah (SAW), wanda masu tarihi ke kira Ƙuzman. Ya yi ɓarna a cikin abokan gaba har sahabbai suna yaba masa, amma Annabi ya ce ɗan wuta ne. Abin ya yi wa mutane nauyi, sai wani ya bi shi a baya don ya ga ƙarshensa. Da ya ji mummunan rauni, haƙuri ya gagare shi, ya gaggauta wa kansa mutuwa da takobinsa. Na biyu kuma Amiru ɗan Akwa'u ne a yaƙin Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira. Takobinsa gajere ne, ya kai sara sai kaifin ya dawo ya same shi a gwiwa, raunin ya zama ajalinsa. Aka fara ƙus-ƙus cewa aikinsa ya ɓaci tunda makaminsa ne ya kashe shi. Ɗan'uwansa Salama ya je wurin Annabi ransa a ɓace, Annabi ya ƙaryata masu faɗin haka, ya ce lada biyu gare shi.

A nan nake yin shiru, in ce da su, "To, duka biyun da takobinsu suka mutu, a fagen fama. Me ya raba su?" Bar su su yi gardama. Ko minti biyar ba a yi za ka ji wani ya ce, "Malam, ɗaya da gangan ya yi." Amsar da ta fito daga bakinsu ta fi zama a ransu fiye da wadda ka ɗura musu. Sai a lokacin nake buɗe aya ta 29 a Suratun Nisa'i, inda Allah ya hana mu kashe kawunanmu, in sa su lura da yadda ayar ta rufe da ambaton jinƙansa gare mu. Rai amana ce a hannunka, ba kayanka ba ne. Sannan in ƙara aya ta 32 a Suratul Ma'ida, wadda ta ce kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba kamar kashe mutane duka ne, saboda mai ɗaura bam bai tsaya a kansa ba, ya haɗa da masallata da 'yan kasuwa.

Bayan haka sai ka faɗaɗa musu kalmar shahada, don mutanen da suka sace ta sun matse ta a kan bam da bindiga kawai. Hadisi ya lissafa wanda annoba ta kashe, da mai ciwon ciki, da wanda ya nutse a ruwa, da wanda gini ya rufta wa, wata riwayar ta ƙara da wanda gobara ta ci da macen da ta rasu a kan haihuwa. Babu ɗaya a cikinsu da ya je neman mutuwa, ita ta same su. Wani yaro da mahaifiyarsa ta rasu wurin haihuwar ƙaninsa, da ya ji wannan sai ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Idan akwai manyan ɗalibai, nakan ɗan ratsa in gaya musu Kiristoci ma sun sha wannan muhawara. Agustin, babban malaminsu na garin Hippo, Annaba ta Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi fama da masu jefa kansu ga mutuwa da sunan shahada. Ya ce dokar hana kisa ta haɗa da kisan kanka.

Sai dai ka yi hattara, kada ka zama mai rabon wuta da aljanna. 'Yan matan da Boko Haram ta riƙa ɗaura wa bam, da yawansu sato su aka yi aka tilasta musu, wasu ko balaga ba su yi ba. Shi kuma wanda ciwon ƙwaƙwalwa ko matsananciyar damuwa ta rinjaye shi, jumhurun malamai ba su fitar da shi daga Musulunci ba, ana yi masa wanka da sallah. Akwai ma riwayar abokin hijirar Ɗufailu ɗan Amru, wanda jinya ta tsananta masa a Madina ya yi wa kansa lahani ya rasu, Annabi ya roƙa masa gafara.

Sannan ka dubi mai tambayar da kyau. Wani ba bam ne a ransa ba, kansa yake nufi. Idan ka ga ya rame, ya janye daga abokai, yana yawan cewa ya gaji da duniya, tsayar da shi bayan an tashi ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. In ya ce e, kada ka bar shi ya tafi shi kaɗai. Raka shi gida da ƙafarka, ka zauna da mahaifinsa a zaure, a kwana ana lura da shi, da safe kuma a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ana yi masa addu'a ana ba shi magani.